Kurakuran da masu koyon hoto suke maimaitawa da ƙaramar filasha

Masu ɗaukar hoto sun yawaita a Damagaram, kuma kusan duk matashin da ya sayi kyamara yakan haɗa da ƙaramar filasha irin ta Godox ko Yongnuo, domin yawancin aikinmu na biki da suna da walima ko dai da dare ake yinsa ko kuwa a cikin ɗaki. Abin da ya gajiyar da ni shi ne, hotunan da ake kawo mini in duba duk ciwonsu ɗaya ne, kuma duk wanda ya kawo sai ya ɗora laifin a kan kayan aiki, ya ce da filasharsa mai tsada ce da ba haka hoton zai fito ba. Filashar da ke hannunku ta isa aikin. Abin da ya rage muku shi ne sanin gefen da haske ya kamata ya fito, da sanin yadda ake daidaita shi da hasken da kuka tarar a wurin.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne barin filasha a saman kyamara tana kallon fuskar mutum kai tsaye. Bakin filasha bai kai tafin hannu ba, kuma duk hasken da ya fito daga ƙaramin wuri mai kaifi ne, inuwarsa ma mai kaifi ce. Idan kuma ya fito daga daidai inda kyamara take kallo, sai ya shafe duk inuwar da ke nuna tudun kunci da zurfin ido, fuska ta zama shimfiɗaɗɗiya, goshi da kan hanci su yi ƙyalli, sannan baƙar inuwar mutum ta manne a bangon da ke bayansa. Jan ido ma daga nan yake zuwa, domin hasken yana shiga ƙwayar ido ya bugi jijiyoyin jini da ke can ciki ya dawo ta hanyar da ya bi. Wannan matsala ta fi tsanani a kan fatarmu. Baƙar fata da sheƙinta take nuna siffarta, saboda haka idan hasken ƙarami ne sai sheƙin ya taru wuri guda ya zama farin tabo, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40, kowa yana gumi, amarya kuma an shafa mata mai da hoda. Idan hasken mai faɗi ne, sheƙin yakan bazu a hankali a kan kunci da goshi, fuska ta fito da cikarta da kwarjininta.

Maganina kullum shi ne raba filasha da kyamara. Ina ɗaura ƙaramar na'urar da ke tayar da filasha ta rediyo a saman kyamara, in kai filashar gefe kamar digiri 45 daga inda nake tsaye, in ɗaga ta ta ɗan wuce kan mutum, in sa ta harba ta cikin farar laima, in kuma matso da laimar har ta kai mita 1 ko 1 da rabi daga fuska. Kusancin nan yana da muhimmanci, domin laimar da aka kai nesa ta koma ƙaramin haske, taushinta ya tafi. Wanda ba shi da ƙafar dasa filasha ya ba wani yaro ya riƙe masa a kan sanda. Ni na fi son haka a cikin taro, domin mutum yana juyawa tare da amarya, ƙafa kuwa sai dai a yi tuntuɓe da ita. Farar hular roba da ake kifawa a bakin filasha ba ta maye gurbin laima, domin ba ta ƙara wa hasken faɗi, watsa shi kawai take yi, kuma a fili inda babu bango cin ƙarfin batir kaɗai take yi.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa jawo mini asara, kuma har yau raina yana ɓaci idan na ga ana yinsa: miƙa wa TTL, wato tsarin da kyamara take yanke ƙarfin filasha da kanta, dukkan hukunci a wurin da maza suka sa fararen kaya. Ku fahimci yadda abin yake aiki. Kafin ainihin walƙiya, filasha tana sakin wata ƙaramar walƙiya ta gwaji, kyamara ta auna abin da ya dawo mata, sannan ta yanke ƙarfin da za a harba. Kyamara ba ta san babbar riga ba, ba ta san rawani ba. Lissafinta shi ne ta mayar da duk abin da ke gabanta tsaka-tsaki, tsakanin fari da baƙi. Idan dattawa goma suka jeru cikin farar shadda mai ƙyalli, haske mai yawa zai dawo, kyamara ta ɗauka wurin ya cika haske, ta rage ƙarfin filasha. Sai riguna su fito ruwan toka, fuskoki kuma su nutse cikin duhu har a kasa gane wane ne wane.

Na taɓa tura wani yaro da nake koya wa aiki ɗaurin aure a cikin Birni, ni kuma na tafi wani aikin a Mirriya. An ɗaura auren a zaure, ya ɗauki komai da TTL, bai tsaya ya ƙara girman hoto ko ɗaya a bayan kyamara ya dubi fuska ba. Da na kai wa uban amarya hotunan, ya daɗe yana kallon guda ɗaya, sannan ya ce mini: «Malam, wannan yayana ne da ya taso tun daga Agadas saboda auren nan, amma rigarsa kawai nake gani.» Na ce: «Alhaji, ka yi haƙuri, hakkinka ne a kaina.» Na mayar masa da kuɗinsa, gidan kuma ba su sake kirana ba, su da danginsu. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma fuskar da ta nutse a duhu, idan aka tilasta mata haske a kwamfuta, sai ta fito da ƙuraje da launi mara kyau. Saboda haka ina gaya muku da babbar murya, ƙannena: wanda ya karɓi kuɗin mutane bai kuma dubi fuskokinsu a hoton farko ba, ya ci amanar aiki. Duba hoto ba ya ɗaukar daƙiƙa goma. Ganda ce kawai take hana ku.

Ni da hannu nake saita ƙarfin filasha a duk inda tazarar mutane da haske ba ta canzawa. A cikin zaure nakan fara da ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske), ƙofar haske f/5.6, filasha a kashi 1/4 na ƙarfinta ta cikin laima, in ɗauki gwaji, in dubi fuska, in ƙara ko in rage. Da zarar fuska ta yi daidai, kowa ya zo ya tsaya a wurin zai fito daidai, ko fari ya sa ko shuɗi, domin hasken ba ya sauyawa da launin riga. Akwai abokan aiki da suka fi son su zauna a TTL su ƙara masa mataki ɗaya idan fararen kaya sun yi yawa, kuma hakan yana aiki idan mutum yana yawo cikin taro, amma ni ban yarda in bar na'ura tana sauya mini ra'ayi daga hoto zuwa hoto ba. Idan rigar ta ƙone da haske alhali fuska ta yi daidai, kada ku rage ƙarfi. Ku ɗaga filashar, ku karkata ta sama kaɗan yadda tsakiyar hasken zai faɗa a kai, gefensa kawai ya taɓa ƙirji.

Daga nan sai masu harba filasha sama don sun ga ana yi a bidiyon intanet. Masu waɗancan bidiyoyin a ɗakuna masu farin silin suke aiki, hasken ya bugi silin ya dawo da faɗi da taushi. Haske yana ɗaukar launin duk abin da ya buga. Ɗakunanmu da yawa an shafe su da shuɗin fenti ko kore, tsofaffin gidajen Birni da Zango kuwa bangon ƙasa ne da rufin azara mai duhu wanda yake shanye haske, abin da ya dawo kuma ja ne. Ku dubi sama kafin ku harba. Idan babu farin wuri, ku sa wani ya riƙe farin zane ko farin kwali a gefe ku buga hasken a kansa. Wanda kuma yake tsakar gida da dare ya ɗaga bakin filasha sama, babu abin da zai dawo masa da haske daga can.

Akwai kuma kashe hasken wuri, wanda shi ne yake sa hotunan kamu da na wasan dare su zama mutane a tsaye cikin baƙin rami, babu fitilun ado, babu rumfa, babu jama'a. Walƙiyar filasha gajeruwa ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ba, don haka saurin labulen kyamara, wato abin da yake buɗewa ya rufe a lokacin ɗauka, ba ya rage mata komai. Hasken wuri kaɗai yake ragewa ko ƙarawa. Ƙofar haske da ISO su ne suke taɓa duka biyun. Abin da nake yi shi ne in kashe filasha tukuna, in saita kyamara har bayan fage ya fito yadda nake so, ɗan duhu kaɗan, misali a saurin labule 1/30 ko 1/60 na daƙiƙa da ISO 800 ko 1600, sannan in kunna filasha da ƙaramin ƙarfi don mutanen gaba kawai. Idan ana rawa, ku sa filasha ta tashi a labule na biyu, wato a ƙarshen ɗauka, yadda jan motsin zai bi bayan mai rawa maimakon ya shiga gabansa. Wannan hanya ita ce take ba da hoton magariba mai kyau a kan duwatsun gari: sama ta riƙe launinta, ango da amarya kuma su fito sarai.

Ta ɗaya ɓangaren, labule yana da iyakar saurin da zai tafi tare da filasha, a yawancin kyamarori 1/200 ko 1/250. Wanda ya wuce nan da filashar hannu zai ga baƙin layi ya cinye gefen hoto, domin labule na biyu ya fara rufewa kafin walƙiya ta tashi. Tsarin HSS, wanda yake barin filasha ta tafi da labule mai sauri, yana kawar da layin, amma yana cin ƙarfin filasha sosai. Launi ma haka: filasha tana kusa da hasken rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, tsohon ƙwan lantarki mai ja kuwa wajen 2700 zuwa 3200, don haka a ɗakin da irinsa yake ci ku manna ledar launi mai ruwan lemo a bakin filasha ku daidaita saitin launin kyamara da hasken ƙwan.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ido yake zato: idan tazara ta ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ne yake isa. A hoton dangi, idan layin gaba yana mita 2 daga filasha na baya yana mita 4, na gaba za su ƙone na baya su yi duhu. Ku ja filashar zuwa mita 6 daga layin gaba, sai na baya su sami fiye da rabin abin da na gaba suka samu. A hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ina ganin matasa suna harba filasha ga mahayan da ke mita 30, alhali filasha mai lambar ƙarfi 60 kamar Godox TT600, a ISO 100 da f/11 da rana take tilasta muku, da ƙyar take wuce mita 5. Ku kashe ta, kada ku dami dawakin da suka matso kusa. A lokacin hunturu, filashar saman kyamara tana haska ƙurar da ke gaban gilashi ta cika hoto da fararen ɗigo, kuma raba ta da kyamara yana rage wannan. Iska tana kayar da laima, don haka ku ɗaura wa ƙafar jakar yashi. Kada ku dogara da idon filasha mai tashi idan ya ga wata walƙiya, domin a biki duk wani mai hoto da ya harba tasa zai tayar da taku.

Batun batir kuwa, ku daina sayen masu arha na tocila da rediyo a bakin hanya, domin ba sa iya cika filasha da sauri, sai amarya ta fito kuna jiran fitilar shiri ta kama. Ni batir masu caji na NiMH nake amfani da su, irin Eneloop, jeri uku, ina kuma cika su tun kwana ɗaya kafin aiki saboda wuta tana iya ɗaukewa. Ku cire batir idan za ku ajiye filasha, domin a zafinmu na alkalin yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Harbi da cikakken ƙarfi a jere yana zafafa filasha har ta tsaya da kanta, wani lokacin a tsakiyar shigowar ango. Gara ku ɗaga ISO ku zauna a 1/4 ko 1/8. Tsofaffin filashu na zamanin fim da ake samu a gwanjo, kamar wasu Vivitar 283, suna iya sakin wuta mai ƙarfin volt sama da 200 ta ƙafarsu, wadda za ta iya lalata kyamarar zamani, don haka kada ku ɗaura su kai tsaye sai an auna. Idan kuma filasha ta lalace, kada ku kwance ta da kanku, domin ma'ajiyar wutar da ke ciki tana riƙe kusan volt 300 ko bayan an cire batir. Ku kai wa mai gyaran da ya san yadda ake sauke wutar kafin ya sa hannu.