Yadda Za Ka Jera Lasifikokin Kallon Fim a Falo

Kafin ka sayi komai, dubi girman falonka. Ga ɗaki madaidaici, tsarin 5.1 ya isa: lasifika biyar (ta tsakiya, na hagu da dama, da biyun kewaye masu kawo sautin gefe) da sabufa ɗaya, wato lasifika mai fitar da kaurin sauti. Tabbatar amfilifayarka, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa lasifikoki, na ɗaukar ohm ɗin lasifikokin (ma'aunin yadda suke tare wutar lantarki), galibi 6 ko 8.

Fara da lasifikar tsakiya, ka ajiye ta daidai ƙarƙashin talabijin. Kada ka yi mata rowar kuɗi, domin yawancin maganar 'yan wasa ta nan take fitowa. In ba ta da kyau, kana kallo kana ta ƙara murya kana ragewa.

Na hagu da dama su kasance daidai tsayin kunnenka in kana zaune, a ɗan karkace suna fuskantarka. Biyun kewaye kuwa a gefen kujera, sama da kanka kaɗan.

Sabufa ce ke son haƙuri. Ɗora ta inda kake zama, sa kiɗa mai ganga, ka bi jikin bango a durƙushe kana saurare. Inda bugun ya fito tas babu gunji, mayar da ita can.

Kashe amfilifaya kafin ka haɗa wayoyi, ja da ja, baƙi da baƙi. Sannan ka saita ta yadda duk sauti mai kauri da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zai tafi ga sabufa.