Yadda Ake Sauraron Minshari Domin Gano Ɗaukewar Numfashi a Barci

Mai minshari ba ya jin kansa, saboda haka aikin ya rataya ne a wuyan wanda suke kwana ɗaki ɗaya, ko kuma wayar hannu. A yi cajin waya da yamma a shagon caji, a kunna manhajar ɗaukar murya bayan sallar isha'i, sannan a ajiye ta kan kujera 'yar tsugunno kusa da kan mai minsharin, nesa da taga, domin kada kukan jaki ko carar zakara su rufe sautin. Dare ɗaya ba ya wadatarwa, gara a maimaita har dare uku.

Da safe, ba ƙarfin minsharin ake nema ba. Abin lura shi ne inda sautin ya yanke ɗif, aka yi tsit na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, domin a lokacin naman maƙogwaro ya saki ya toshe hanyar iska. A ƙirga sau nawa hakan ya faru cikin awa guda. Likitoci suna ɗaukar sau 5 zuwa sama a matsayin alamar ɗaukewar numfashi a barci, sau 30 zuwa sama kuwa cuta ce mai tsanani.

Waya ba ta yanke hukunci. Idan maigida yana gyangyaɗi a gona ko bisa babur, yana tashi da ciwon kai, ko yana da hawan jini, a kai sautin asibitin ƙaramar hukuma, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.