Kurakuran da ke kashe kwalin ƙaramar mota kafin a gama haɗa ta

Na gaji da ganin hoto iri ɗaya daga sabbin shiga wannan harka ta haɗa ƙananan motocin roba na ado, waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, kai ka haɗa ka yi musu fenti. Mutum zai tara kuɗinsa, ya yi odar kwalin kamfanin Tamiya ko Revell daga waje, ya biya kuɗin jigila, ya zauna jira har kaya su iso, sannan cikin yini biyu ya turo hoton mota mai gilas fari fat da fenti duk ya yamutse, yana tambayar ko akwai gyara. Sau da yawa babu. Waɗannan kwalaye ba a shagon unguwa ake samunsu ba, ballantana ka ce ka koma ka sayo wani gilas ɗin. Abin da ka ɓata ya ɓatu.

Bari in fara da fenti, don nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne ni ma na taɓa rasa bodin wata Nissan Skyline GT-R ta Tamiya wadda har yau ina jin zafinta. Na fesa mata fentin enamel, wato fentin mai, washegari na taɓa na ji ya bushe, sai na bi samansa da ruwan ƙyalli na gwangwanin Tamiya TS. Shi wannan irin fentin da ake kira laka (lacquer) ne, tinarsa tana da ƙarfi. Ina tsaye ina kallo rufin motar ya fara tattarewa, fentin ƙasa ya jiƙe ya taso, ya yi ƙuraje daga gaba har but. Dokar ba ta da wuya: laka a ƙasa, fentin enamel ko na akirilik a sama. Ba a juya ta. Kuma bushewar sama daban, ƙosawa daban. Enamel kan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya ƙosa har ciki. Ni abin da nake yi shi ne in kai bodin kusa da hancina. Muddin ina jin warin fenti, ba na taɓa shi, in mayar da shi cikin robar abinci mai murfi in kama aikin inji.

To ku masu zuwa wajen mai fentin mota ku ce ya ɗan fesa muku ragowar da ke cikin bindigarsa, ku daina. Fentin mota ta gaske an yi shi ne don ƙarfe. Idan ya sauka kan tsirarar roba sai ya ci ta, fuskar ta tsattsage ta yi kaushi, kuma ko ka wanke fentin tabon yana nan cikin robar. In dole sai shi, to sai an fara shimfiɗa firaima mai kyau, wato fentin share fage da ake sawa a ƙasa, ta rufe ko'ina, a bar ta ta ƙosa. Ni ko da fentin kamfanin da ya yi kwalin zan yi amfani, ba na tsallake firaima, domin ita ce ke tona asirin layin haɗin ƙira da ramukan da ido bai gani ba. Kafin ita ma sai na wanke bodin da ruwa da sabulun wanke kwanuka, saboda maiƙon masana'anta da na yatsu.

Sai lokacin feshin kansa. Waɗanda suka rubuta bayanin jikin gwangwani ba su san hunturunmu ba. Ka fito tsakar gida cikin hazo ka fesa fenti mai ƙyalli, ƙurar da ke yawo za ta zauna daram a kai kafin ka ajiye gwangwanin. Da tsakar ranar bazara kuma fentin yana bushewa tun yana cikin iska, ya sauka kamar yashi. Da damina, idan iska ta cika laima, laka kan yi fari-fari ya dushe. Ni da sassafe nake feshi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, fanka a kashe, taga a buɗe saboda warin ba abin shaƙa ba ne. Gwangwanin in sa shi cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ba mai zafi ba, kuma kada wanda ya kai shi kusa da wuta. Tazara kamar santimita 20 zuwa 25. In fara danna bakin kafin in iso kan bodin, in wuce shi sannan in saki. Zubin farko siriri ne, har ana hango firaima ta ƙasa, kuma haka ake so. Masu son launi ya rufe a bugu ɗaya su ne fentinsu ke zuba ya taru a gindin ƙofa. Da na gama sai in kife babban kwali a kai.

Idan aikin ya riga ya ɓaci, kada ka kankare da reza. Sifirit mai ƙarfi irin isopropyl yana cire akirilik da fentin gwangwanin Tamiya idan aka jiƙa bodin aka bi da tsohon buroshin haƙori. Wasu na jiƙa enamel cikin man birki. Yana ci, amma ba na so, don yakan sa robar ta yi gautsi, sandunan gilas su karye a hannu.

Na biyu shi ne gam, kuma a nan raina ya fi ɓaci, domin gargaɗin ya yi yawa amma ba a ji. Kada sufa gulu ya kusanci gilas. Tururinsa kaɗai ya isa: yana tashi ya manne kan robar mai haske ya bar farin hazo, kuma inda yatsanka ya taɓa nan zai fi kamawa, har zanen yatsan ya fito. Abin takaicin shi ne ba ka gani nan take. Sai ka rufe bodi a kan shasi, ka kwanta kana murna, da safe ka tarar da gilas ya yi fari daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin ma ba na gilas ba ne. Shi narkar da robar yake yi ya haɗe ta, ɗigo ɗaya ya gangara kan gilas ya bar tabo na dindindin. Abin da nake sa wa gilas da fitilu shi ne farin gam na kafinta, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace. Yana bushewa garau, wanda ya fito waje a goge da jiƙaƙƙiyar auduga. Ƙarfinsa ba shi da yawa, amma gilas ba kaya yake ɗauka ba. Hazon sufa gulu idan bai yi zurfi ba ana iya bin sa da sanfefa mai lamba 2000 zuwa sama, a jiƙe, sannan a goge da man ƙyalli, sai dai aiki ne na haƙuri.

Har ila yau kan gam ɗin roba: ba ya kama fenti, ba ya kama kurom, wato rufin nan mai sheƙi kamar azurfa. Bamba da gaban radiyeta da bututun hayaƙin tirela masu sheƙin nan, sai ka kankare wurin haɗin har roba ta fito. Idan ba haka ba za su tsaya yau, gobe su faɗi. In kana son cire kurom ɗin gaba ɗaya, jiƙa shi cikin bilic na wanki.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Kada ka murɗe ɓangare da hannu daga jikin firam, wato sandunan robar da ɓangarorin ke zuwa a manne da su, yanka shi da filaya mai kaifi ka share wurin da sanfefa. Gwada kowane haɗi ba gam kafin ka sa gam. Kada ka cire ƙananan ɓangarori duka lokaci guda, lambobinsu a jikin firam suke, ka cire ka rasa na hagu da na dama. Sitikar ruwa, wato tambari da rubutun motar da ake jiƙawa kafin a manna, a kan fuska mai ƙyalli ake ɗora ta. A kan mai kaushi iska na shiga ƙarƙashi ta yi fari. Ruwa mai ɗumi, tsoma kaɗan ka fito da ita, ka jira har ta zame da kanta.

Masu haɗa manyan motoci, Scania ko Volvo na kamfanin Italeri, ko Peterbilt da Kenworth na kamfanin AMT, ku kula da shasi. Dogayen sanduna biyu ne da gadoji a tsakani, kuma idan suka karkace ko da kaɗan ne, sai ka gama komai ka ga taya ɗaya a sama, kan motar ya langaɓe gefe. Ni a kan faifan gilas nake haɗa shi, in daidaita kusurwoyin da sukwaya, in danne da abu mai nauyi ya kwana. Kuma ban ba wa kowa shawarar fara wannan harka da tirela ba. Fara da ƙaramar mota wadda ba a buɗe injinta, ka koyi fenti tukuna.

Wajen saye ma ana kuskure. Kwalayen Japan da na Turai galibi ma'aunin 1/24 ne, wato kashi ɗaya cikin 24 na tsawon motar gaske, na Amurka irin AMT da MPC kuma 1/25. Bambancin kaɗan ne, amma kan tirela na wannan da bayan wancan ba sa zama daidai a ido. Ka kuma auna wurin ajiyarka: mota mai tsawon mita 4.5 tana fitowa kusan santimita 19 a 1/24, tirela mai mita 16.5 kuwa ta kusa santimita 70.

Masu tara kwalaye ba tare da haɗawa ba, ban hana ku ba, amma ku buɗe su. Tayoyin roba mai laushi, musamman na tsofaffin kwalayen Amurka, suna fitar da wani sinadari da ke narkar da robar da suka jingina da ita, zafi kuma yana hanzarta abin. Kwali ya shekara a saman wadurob ƙarƙashin rufin kwano, sai ka buɗe ka ga zanen taya ya nutse a kan gilas ko bonet. Da kwali ya iso nake cire tayoyin in zuba su cikin ambulan na takarda, gilas in naɗe shi da tishu, sitika kuma in sa ta cikin leda mai zif don laima da kyankyasai. Kwalayen su zauna a ƙasa-ƙasa inda ɗaki ya fi sanyi, amma a kan katako, nesa da bango, saboda gara. Ko bayan an gama haɗawa wannan ciwon taya bai ƙare ba, shi ya sa nake shafa fenti a bakin wil duk inda taya za ta zauna, ya ƙosa sarai kafin in sa ta.