Yadda za ka kashe reso na kwamfutarka da komand kawai

Duk mai jona kwamfuta da intanet ɗin wayarsa ya san abin nan, ka sa forfe na jika guda, kafin ka gama buga takarda ɗaya Windows ya kama mizajur a ɓoye ya shanye megan tas. Ga kuma masu sibar a nan Maradi da ke son injin buga takardu ya zauna ba intanet. To ana iya yanke reson da layi ɗaya.

A Windows danna madannin Windows ka rubuta cmd, wato baƙin windon da ake buga komand a ciki, amma kar ka buɗe shi haka nan, danna dama ka zaɓi "Exécuter en tant qu'administrateur", in ba haka ba zai ƙi. Farko ka nemi sunan katin reson:

netsh interface show interface

Zai jero maka su, galibi "Wi-Fi" da "Ethernet". Nan mutane ke yawan kuskure, don in wayarka ce ka jona da kabul na USB ba Wi-Fi za ka kashe ba, za ta fito da wani suna kamar "Ethernet 2", shi ne naka. Tsofaffin injina masu Windows 7 na Faransanci kuma za ka ga "Connexion au réseau local". Sunan da ka gani shi za ka kwafa daidai, sai ka buga:

netsh interface set interface name="Wi-Fi" admin=disabled

Alamar " ɗin nan a klabiyenmu na AZERTY tana kan madannin 3 ne, kar ka bar ta musamman in sunan yana da tazara a tsakiya. In ya yi ba zai ce maka komai ba, kawai ka duba ƙasa kusa da agogo za ka ga alamar reso ta canza. Mayar da shi kuma layin nan ne dai, ka sa admin=enabled.

Abin da ya kamata ka riƙe sosai: wannan kashewar ba ta tashi da kanta, ko ka kashe injin ka kunna, ko kuran ya ɗauke ya dawo, katin yana nan a kashe har sai ka kunna shi da hannunka, shi ya sa wani zai manta ya kwashi kwamfuta sai wajen mai gyara wai Wi-Fi ta mutu alhali lafiyarta lau. In na ɗan lokaci kake so, netsh wlan disconnect ya ishe ka, yana cire ka daga Wi-Fi ne kawai katin na kunne. Ni dai na fi son in zuba layukan biyu a Bloc-notes, ɗaya kashe.bat ɗaya kunna.bat, in ajiye su a kan allo, su ma da administrateur ake buɗe su.

Masu Ubuntu, wato wani tsarin Linux da ake sa wa kwamfuta maimakon Windows, naku gajere ne, a Terminal (inda ake buga komand) za ku buga, nmcli radio wifi off na kashe Wi-Fi, nmcli networking off na kashe duka har da kabul, a mayar da on.

Sai dai fa in ta AnyDesk ko SSH, wato hanyoyin sarrafa kwamfuta daga nesa ta intanet, ka shiga injin wani, a ce kana Maradi shi yana Tasawa, kar ka kuskura ka buga wannan, don hanyar da ka shigo ce za ka datse, sai an samu wanda ke gaban injin ya kunna maka.