Yadda na gyara girafin ɗin da ke fitowa dabbare-dabbare a kan jan ƙarfe

Girafin (graphene) siririyar shimfiɗar kabon ce mai kaurin atam ɗaya. Wanda nake tsirarwa a kan fallen jan ƙarfe a tanderu ya yi ta fitowa da tabo, wani wuri shimfiɗa ɗaya, wani wuri biyu ko uku. Na'urar Raman ma, wadda ke duba saƙar kabon da hasken leza, tana nuna tudu babba a wajen lamba 1350 a zanen sakamakonta, alamar saƙar kabon ta sami lahani.

Ashe daga fallen jan ƙarfen matsalar take. Da na duba shi a madubin ƙara girma, sai ga layuka kamar kunyoyin gona, waɗanda injin murza ƙarfe ya bari. A kansu kabon ke taruwa, tsiro ya yi yawa, kowanne ƙanƙane.

Sai na goge fallen da lantarki cikin asid ɗin fosforik, na ɗauraye, na gasa shi cikin haidurojin a digiri 1000 na ma'aunin Salsiyas kafin in saki mesen, wato iskar gas ɗin da ke samar da kabon ɗin. A kula, jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085. Mesen ɗin kuma na rage shi sosai, na ƙara lokaci. Wannan haƙurin ne, a ganina, ya fi komai aiki.

Yanzu tudun 1350 da ƙyar ake ganinsa, na 2700 kuwa ya fi na 1580 tsawo, alamar girafin ɗin shimfiɗa ɗaya ce.