Yadda za ka faɗi sunayen kekunan ƙasashen waje daidai

Da yawa daga cikin sunayen da ke jikin kekuna sunayen mutanen da suka kafa kamfanonin ne, kuma kowane da ƙa'idar karatun harshensu. Abin da ke jefa mutane cikin kuskure shi ne karanta su duka da bakin Turanci. Ga hanyar da ta fi sauƙi.

Mataki na farko, gano ƙasar da kamfanin ya fito. Sau da yawa an rubuta ta a jikin firam ko a kan kwalin. Da ka san ƙasar, rabin aikin ya ƙare.

Na biyu, idan na Italiya ne, ka tsaya ka kula da harafin c, domin nan ne aka fi tuntuɓe. Idan i ko e ya biyo shi, ana faɗinsa kamar c ɗinmu na "ciki". Saboda haka Bahaushe zai karanta Cinelli yadda yake a rubuce, kuma ya yi daidai. Idan a ko o ne ya biyo baya, sai ya koma k: Colnago, Kolnago. Shi kuwa ch, k ne zalla. Bianchi, kamfanin da Edoardo Bianchi ya kafa a Milan a 1885, Biyanki ake cewa, ba Biyanci ba. Sai gn, wanda ake faɗa "ny" kamar a "hanya". Campagnolo, mai ƙera giya da birki a Vicenza tun 1933, Kampanyolo ne. Baƙi mai ruɓi kuma a danne shi sosai, yadda muke danne l a "salla": Pinarello, Cinelli. A nan mun fi Bature sa'a, don harshenmu ya saba da wannan. Nauyin murya yakan sauka a gaɓar kusa da ta ƙarshe: Bi-YAN-ki, Kol-NA-go.

Na uku, idan na Faransa ne, kada ka yarda da haruffan ƙarshe, yawanci ba a furta su. T ɗin Peugeot, wanda ya fara kekuna a 1882, shiru take, shi ya sa Fijo ɗin da bakinmu ya saba da shi bai yi nisa da asali ba. Lapierre na Dijon, Lapiyer. Gitane, Jitan, da j mai laushi. A Faransanci ch "sh" ne, don haka tayar Michelin, Mishlan.

Na huɗu, Jamus da Holan. A Jamusanci sch "sh" ne, w kuma v ce, wadda mu kan mayar b: tayar Schwalbe, Shibalbe, kuma a furta e ɗin ƙarshe. Gazelle na Holan da sautin maƙogwaro yake farawa, kusa da "kha" na Larabci.

Na Japan ba su da wahala ko kaɗan. Shimano, da aka kafa a Sakai a 1921, a karanta shi kamar Hausa ce.

Na biyar, ka san waɗanda suka saɓa wa ƙa'ida. Raleigh na Nottingham a Ingila, Rali ne, gh ɗin ba ya fita. Schwinn sunan Bajamushe ne, amma a Chicago aka kafa kamfanin a 1895, kuma Amurkawa Shwin suke cewa da w ɗinsu. SRAM, mai ƙera giya da birki na Amurka, kalma ɗaya ce, ba a lissafa haruffanta ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai ka tabbatar da kunnenka. Nemi bidiyon da kamfanin ya fitar da kansa, ko hirar da aka yi da ma'aikacinsa cikin harshen ƙasar. A ganina wannan ya fi muryar na'ura amfani, don ita takan karanta sunan Italiya da bakin Turanci. Saurara, raba sunan gaɓa-gaɓa, rubuta shi da haruffan Hausa, sannan ka maimaita da ƙarfi har ya zauna a bakinka. Amma wajen neman kayan gyara a intanet, ka koma ga asalin rubutun kamfanin, domin da shi kaɗai za ka samu abin da kake nema.