Ƙaramin rukuni? Ku ɗora Gitea, ku huta da biyan dala

'Yan uwa masu rubuta manhaja a Nima da Madina na Accra, idan ba ku wuce mutum goma ba, kada ku biya kuɗin wajen rubuta matsalolin aiki daban, na wiki (shafukan bayanan aiki) daban.

Ku ɗora Gitea, manhajar ajiye kod da bin aikin rukuni, a sabarku. Kyauta ce, fayil ɗaya ne, kuma tana ɗauke da Git (mai adana tarihin gyare-gyaren kod) da jerin matsaloli da wiki gaba ɗaya. Ƙaramar saba mai RAM 1GB ta ishe ku. Wajen girkawa ku zaɓi SQLite a matsayin rumbun bayanai, sai ku buɗe Gitea a burauza ta tashar (port) 3000.

Abin da ya fi amfani: ka rubuta "fixes #12" a saƙon commit (gyaran da ka adana a Git), da ya shiga babban reshen kod ɗin matsala ta 12 za ta rufe kanta. Wiki ɗin ma ma'ajiyar Git ce, kana iya kwafo ta kwamfutarka, ka yi gyara ba intanet, ka tura daga baya. A GitHub (dandalin ajiye kod a intanet) na kyauta kuwa, ma'ajiyar sirri ba ta da wiki.

Inda ake samun cikas: idan kun ɗora ta a tsohuwar kwamfutar ofis, dumsor (ɗauke wuta) na zuwa aiki ya tsaya, sai da UPS (batirin riƙe wuta). Ku kuma sa DISABLE_REGISTRATION = true a app.ini (fayil ɗin saitin Gitea) don rufe rajista, in ba haka ba baƙi za su cika muku ita da asusun bogi.

Kowane mako ku yi "gitea dump" don kwafe dukkan bayananku, ku ajiye fayil ɗin a wata na'urar daban.